Sifilin Da Na Ba Iya Yalwa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama likitar ƙwaƙwalwa ta mako uku ba, sai fa idan ciwon da aka koya mana ne ya zo ya kama ni. (Akwai ranakun da nake jin ko ya zo ba zan rufe masa ƙofa ba, Allah ya yafe mini.)

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san irin kan da ya ɗauko wannan kaya. Ban taka aji ba sai da na gama haihuwa. Shekarata talatin da bakwai na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar, da auta a bayana, ina rubutu kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Daga nan na ƙi tsayawa. Na yi makarantar matan aure, na yi ta horon malamai, na faɗi jarrabawar Turanci sau biyu, na ci a na uku. Ranar da aka ba ni aji a wata firamare a Kabo, furfura ta riga ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina. Wanda ya sami abu da wuri yakan manta ma yana da shi. Wanda ya samu a makare, irina, a ka yake ɗorawa ya ratsa kasuwa. Ko gidan suna za ni, sai na soke biro a wuyan hijabi inda kowa zai gani. Ga baki. Duk Kabo an san ba na tauna magana, yadda ta zo haka nake tofar da ita.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa yana ta zumuɗi, kotuna sun cika da mutanen da da can ko hanyar kotu ba su sani ba. Kuma shekarun ne da tukunya ta yi wuyar ɗorawa. Masaƙun birni suna ta rufewa, mazan da suka tafi da akwati suna dawowa ƙauye da ƙullin tsumma. Albashinmu sai ranar da ya ga dama. Man fetur sai a galan a bakin titi. A motar haya an ware mana kujerar baya, mu mata, mu da kaji da buhunan taki.

Ana dab da dogon hutu sai hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce wani likita daga birni ya samo tallafi daga wata ƙungiya ta ƙasar waje, don a koya wa malamai da ɗalibai yadda ake bincike a kan gigin tsufa a lokacin hutu. Za a yi a Gwarzo, mako uku. Akwai abincin rana, akwai kuɗin mota, akwai takardar shaida a ƙarshe. Mata ake nema, domin namiji ba ya shiga gidan mutane ya zauna da tsohuwa.

"An ce a kawo mace mai baki," in ji shi. "Ban ma yi dogon tunani ba."

Na ɗauka yabo ne.

A wani ajin sakandare da hutu ya bari fanko aka tara mu, malamai kaɗan da 'yan mata 'yan makaranta. Likitan yaro ne, siriri, mai tabarau, ɗan mutunci. In faɗi gaskiya, abin da ya koya mana ya shige ni. Ya ce tsohuwar da take fita tsakar rana tana neman gidan ubanta ba mayya ba ce, ba aljanu ne suka shafe ta ba, ba kuma alhakin wani ne yake bin ta ba. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ido yake yin yana. Ya nuna mana hoton ƙwaƙwalwar mai lafiya da ta marar lafiya, ta biyun ta motse kamar kuɓewar da ta kwana uku a rana. Na tuna wata tsohuwa a unguwarmu da yara suka riƙa jifa har ta mutu, ni ma ban taɓa hana su ba. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Sai aka raba mana takardar gwaji. Tambayoyi ne a jere. Idan tsohuwa ta amsa daidai a sa mata maki ɗaya, idan ta kasa a sa sifili. Yau wace rana? Wane wata ake ciki? A faɗa mata abu uku, can an jima a ce ta maimaita. Sannan kashi na ƙarshe, wanda ya fi kowanne yawan maki: sunan mijinki, 'ya'yanki nawa, jero sunayensu daga babba zuwa ƙarami. A ƙasan takardar akwai jan layi. Wadda makinta bai kai shi ba, akwai alamar ta fara.

Yanzu ga inda ƙaddara ta same ni. Ranar Alhamis ta mako na biyu, bayan azahar, likita ya yi wani bayani na sa'a guda. Ban ji ko kalma ɗaya ba, domin ina bayan aji ina yaƙi da mai abinci. Na gano malamai maza tsoka biyu ake sa musu, mu mata ɗaya. Na tsaya a kanta da hannu a ƙugu har sai da ta buɗe tukunya ta ƙara mana. (Na ci wannan yaƙin, kada ku ce ban taɓa cin komai ba.) Daga baya ne na ji abin da ya faɗa a wannan sa'ar. Abu biyu ne. Na ɗaya, duk inda tambaya ta ci karo da al'ada, a tsallake ta, a yi bayani a gefe. Na biyu, takardar ba hukunci ba ce, mu ba likitoci ba ne, kada a gaya wa kowa sakamakon kowa. Tsoka ɗaya ta saya mini wannan jahilcin. Ko laushi ba ta yi ba.

A mako na uku aka tura mu ƙauyuka, kowace malama da ɗaliba guda. Ni na ce ba na so. 'Yan matan nan suna rufe baki da mayafi duk lokacin da na karanta Turanci, ba zan ja wata a bayana tana ƙirga mini kuskure ba. Aka bar ni ni kaɗai, aka ba ni Garo.

Mai unguwa ya lissafa mini gidajen da ke da tsofaffi, na shiga bi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga gida na biyu na fara ganin abin al'ajabi: duk tsohuwar da na zo kashi na ƙarshe da ita sai ta faɗi. Mutum ɗaya ce ta ci duka, wata Gwaggo Asabe. Ta faɗi sunan mijinta gatsau, ta faɗi na ɗanta na fari, ta ƙara da zaginsu su biyun. Na cika mata maki, har na rubuta "lafiya ƙalau" na ja layi biyu a ƙasa. (Ba a yi wata biyu ba aka tsinto ta a hanyar kasuwar Kara ba mayafi, tana neman uwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Ita kaɗai ce mai ciwon a duk waɗanda na gwada, ita kaɗai kuma na sallama.)

Gidan Iya Yalwa shi ne na shida. Na same ta ta dawo daga gona ke nan, fartanya jingine da bango, tana tsinke rama a faifai. Gajeruwa ce, baƙa, busasshiya kamar itacen kirya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da gona guda da ta gada daga ubanta, can bakin fadama, ita take nomawa da hannunta, gero da gyaɗa, ita take ci da ita. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi ruwa, ta tambayi gajiyar hanya, ta kawo mini fura a ƙwarya. Ni kuwa duk na ƙosa a gama in zaro takarda.

"Iya, yau wace rana?"

"Laraba. Shekaranjiya aka yi sunan jikar mai unguwa."

Maki ɗaya.

"Wane wata muke ciki?"

"Watan Azumin Tsofaffi, yau kwanansa huɗu. Ina ma ciki, shi ya sa kika ga ban taya ki shan furar ba."

Takarda ta ce Agusta. Na sa sifili.

Na faɗa mata abu uku: akuya, tabarma, gishiri. Na yi ta jan ta da wasu tambayoyin, can na ce ta maimaita. Ta maimaita su a jere, ta ce, "Wai ni akuyar nan ta wace ce? Tun ɗazu kike ambatonta." Na ba ta makinta ba da son raina ba.

Sai muka zo kashi na ƙarshe.

"Iya, ya sunan mijinki?"

"Allah ya jiƙansa, ya sa yana kyakkyawan matsayi."

"Amin. Sunansa nake tambaya."

Ta ajiye ramar ta dube ni sama da ƙasa. "Malama, ke 'yar ina ce?"

"Kabo."

"Au. Na zaci daga bakin teku aka kawo ki." Ta ci gaba da tsinkarta. "Sunansu ɗaya da limamin masallacin kasuwa. Ki tambaya a waje, kowa ya sani."

Sifili.

"'Ya'yanki nawa?"

"Na Allah ne, 'yar nan. Ba a ƙirga su."

Sifili.

"To jero mini su daga babba."

"Akwai Talatu, tana aure a Sabon Birni. Sai Ado, ya rasu. Sai..."

"Talatu ce babba?"

"A'a. Akwai na gabanta."

"Ya sunansa?"

Ta juya fuska wajen bango, ta gyara ɗaurin zanenta da bai kwance ba. "Yana nan zaure. In kin fita za ki gan shi."

Na san kun riga kun gane, ku da kuke karantawa. Ko yarinyar da ba ta gama koyon tsarki ba ta san mace ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ni ma a cikin wannan na tashi, ba daga sama na faɗo ba. Amma takarda tana hannuna, an buga ta da inji, ta tsallako teku, kuma babu gurbin kunya a cikinta. Gurbi biyu ne, ɗaya ko sifili. Shekara da shekaru na yi ina wahala don in zama cikin masu cike takarda, ba cikin waɗanda ake cike wa ba. Ba zan bari tsohuwa mai tsinke rama ta gaya mini takarda ta yi kuskure ba. Na haɗa makinta. Ta faɗo ƙasan jan layi.

A zaure na sami ɗan farin nata. Lawan sunansa, magidanci, ya haura arba'in. Ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a birni, aka rufe ta, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo gidan uwarsa. Rigarsa wankakkiya ce amma wuyanta ya cinye. Yana ganina ya miƙe ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, Likita. An gama?"

Likita. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan randa a tsakiyar bazara. Ban gyara masa ba.

"An gama," na ce. "Sai haƙuri. Ta fara."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce ko zan taimaka in rubuta masa a takarda, don in ya kai ta asibiti su san daga inda za su fara. Tunda nake ba wanda ya taɓa neman sa hannuna a kan wani abu da ya wuce rajistar aji. Na yago fallen takarda daga littafin shirin darasi, na dafa a gwiwa, na rubuta da Hausa, na sake rubutawa da Turanci a ƙasa don kada a raina ni: na gwada wannan tsohuwa, na same ta da gigin tsufa, hankalinta ba cikakke ba ne. Na sa hannu, sa hannun nan nawa da na yi shekara ina gwadawa a bayan kwalin sukari, mai jela a ƙarshe kamar ta kunama.

Da na kai takarduna Gwarzo, likita ya duba ta farko, ya duba ta biyu, ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Malama, Garo duka ce ta ruɗe?" Na ce abin da takarda ta nuna ke nan. Ya bi kashi na ƙarshe da yatsa, ya tambaye ni ina nake ranar Alhamis. Na gaya masa. Ya yi mini bayanin abu biyun nan a hankali, kamar mai yi wa marar lafiya magana. Na ce to. Maganar fallen da na ba Lawan kuwa na haɗiye ta. Na ce a raina ai asibiti kawai zai kai.

Ba asibiti ya kai ba. Kotun Shari'a ta Kabo ya kai. Ya nemi alƙali ya ba shi riƙon gonar uwarsa tunda hankalinta ya gushe, ga shaidar likita. Akwai wani mai saye yana jira, shi kuma yana son ya sayi babur ya shiga acaɓa. Kafin zaman farko mutanen mai sayen da dangin Iya suka kusa ba hamata iska a bakin gonar, sai alƙali ya ce kada wanda ya sake taka ta sai an yanke hukunci. Aka ɗaga zaman. Alƙali ya tafi birni taron bita a kan sababbin dokoki, aka sake ɗagawa. Aka rasa takardar sammacina, aka sake ɗagawa. Duk wannan ana cikin marka, gero ya fitar da kai.

Kuna zaton da sammacin ya iso ni jikina ya yi sanyi? Ya yi, na kwana ɗaya. Washegari na ce ai ni ba ƙarya na yi ba, abin da takarda ta ce na rubuta. Na goge hijabina na fita unguwa, na soke biro biyu, har na ɗauko sabuwar takardar gwaji guda da ta rage mini, don in nuna wa kotu yadda ake aikin. Maigidana ya raka ni. Tela ne, mutum ne da in ya yi magana goma a yini an yi hira. A hanya ya ce, "Da kin bar takardar nan a gida." Na ce ya ji da ɗinkinsa.

Kotun ɗaki ɗaya ce, maza a dama, mata a hagu, waɗanda ba su sami wuri ba sun cika tagogi. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, da carbi a hannu. Iya Yalwa tana zaune a tabarma, ta ba ɓangaren da Lawan yake baya. Ta rame. Ko kallona ba ta yi ba.

Da ita alƙali ya fara. Ya ce ta faɗi iyakar gonarta. Ta fara daga tsamiya ta gabas, ta bi ta jikin gawo, ta sauka bakin fadama, ta faɗi mai gonar kudu da wanda ya sayar masa da wanda shi kuma ya gada a wurinsa. Ta faɗi yadda aka raba gadon ubansu, maza nawa, mata nawa, kason kowa, da malamin da ya raba. Magatakarda yana rubutu har ya gaji ya yarfe hannu. Alƙali ya nuna Lawan da carbi.

"Iya, wannan fa, wane ne?"

Ba ta juya ba. "Allah ya gafarta Malam, yaron gidan ne."

Alƙali ya gyaɗa kai. Sannan aka kira ni.

Na tashi na yi bayani, na yi bayani. Na ambaci ƙwaƙwalwa, na ambaci jan layi, na jefa Turanci biyu uku. Na ce na ma taho da takardar gwajin, sabuwa, idan kotu tana son gani.

"Madalla," in ji alƙali. "Miƙo ta."

Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, bakinsa yana motsi. Ya miƙa wa magatakarda. "Riƙe biro. Malama, tunda kin kawo ma'auni, bari mu ga ko mudun daidai yake. Yau nawa ga watan Bature?"

Jama'a, tun da albashi ya daina zuwa a kan kari na daina bin watan Bature. Na ce sha biyu. Magatakarda ya duba kalanda ya ce sha shida ne.

"Me ake sawa?"

"Sifili, Allah ya gafarta Malam."

"Sa mata. 'Ya'yanki nawa?"

"Shida," na ce da sauri, a zuci ina ta jero tubarkalla kada baki ya kama mini su.

"Ba ta makinta. Jero su daga babba."

Na buɗe baki. Ɗana na fari a lokacin ya kusa talatin, yana da mata da 'ya. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kamawa ba. "Kai" nake cewa, ko in aiki ƙannensa su kira shi. Na tsaya baki buɗe kamar ƙofar kango.

"To bar wannan," in ji alƙali. "Wancan da ya rako ki, maigidanki ne?"

"Shi ne."

"Ya sunansa?"

Na dubi ɓangaren maza. Yana zaune ya ƙura wa babban yatsan ƙafarsa ido. Shekara talatin da ɗoriya muna tare. Na yi masa faɗa, na yi masa gori, na taɓa jifansa da murfin kwano, amma sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Suna ne gajere, ko numfashi guda bai kai ba. Na ce a raina, faɗi mana, ke da ba kya tauna magana. Ya taso ya zo maƙogwaro ya tsaya a gicciye kamar ƙayar kifi. Kotu ta yi tsit, har kukan akuya nake ji daga can bayan gari.

Sai dabara ta zo mini, irin ta mai ilimi.

"Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in rubuta."

Alƙali ya ajiye carbinsa a kan tebur.

"Ita kin ba ta biro?"

"Ba ta... ba ta iya rubutu ba."

"To. Ke an kai ki makaranta, kunyarki ta sami ƙofar baya da za ta fita. Tata ba ta da ƙofa ko ɗaya. Shi ne kika sa mata sifili, kika rubuta wa duniya ba ta da hankali." Ya juya wajen magatakarda. "Haɗa mata."

Magatakarda ya haɗa, ya ce a hankali na faɗo ƙasan jan layi.

Wani daga taga ya ɗaga murya, "A ba tela riƙon biron!" Kotu ta fashe. Har mata suna dukan cinya. Da ƙasa tana da tausayi da ta buɗe ta karɓe ni a ranar, amma siminti ne. Alƙali ya buga tebur sau ɗaya. Ya ce ba wurin dariya aka zo ba, akwai wadda aka hana gonarta mako shida.

Sannan ya ce, "Iya, kina da magana a kan wannan da ya kawo ƙararki? Kotu tana iya hukunta shi."

Har yanzu bayanta ne a wajensa.

"Allah ya gafarta Malam, yunwa ce ta kawo shi. A sallame shi."

Lawan ya kifa kai a gwiwa. Kafaɗunsa suna rawa, ba wanda ya dube shi. Dariyar da aka yi mini ta fi mini sauƙi a kan shirun da ya biyo baya.

Aka yaga fallen takardata a gaban kowa, aka tabbatar wa Iya Yalwa gonarta. Sai dai hukunci ba ya mayar da damina baya. Geron ya nuna ba mai tsaro, tsuntsu ya yi biki a kansa. Gyaɗar ta wuce lokacin cira, rabi ta tsiro a ƙasa, rabi gara ta ci. Abin da ta kwaso bai rufe gindin rumbu ba.

Likita ya ji labari, ya zo har Kabo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata tambayoyin su fita daga ofis a haka ba, badi za a gyara. Badin ba ta zo ba, tallafin bai sake fitowa ba. Takardun Garo duka aka zubar, tsofaffin da na wahalar ko a lissafi ba su shiga ba. Ya ba ni takardar shaidata duk da haka. Tana ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

Sai bayan kaka na iya tattara fuskata na koma Garo. Na auni dawa daga abin da za mu ci a gida, na ɗora a ka tun daga bakin titi, don in ji nauyin. A hanya na ji yara suna kiran gidan "gidan Iya mai gigi." Alƙali ya wanke ta a Kabo, amma labarin da ya riga isa Garo nawa ne. A bakin wata maƙwabciya na ji sauran: Iya da kanta ta kira mai sayen nan ta sayar masa da rabin gonar, ɓangaren fadama, mai kyan. Rumbu ba komai, ga jikoki cike da gida. Abin da ɗanta ya kasa ƙwata a kotu, ni na sa yunwa ta karɓar masa.

Na yi sallama. Tana zaune inda na same ta da farko, ba rama a faifan wannan karon.

"Malama ce? Kin zo da takarda?"

"A'a, Iya."

"To shigo."

Na sauke dawar, na durƙusa, abin da rabona da yi wa wani tun ina amarya. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Iya, na cuce ki. Ki yafe mini don Allah."

Ta dubi dawar, ta dube ni. Ta ce ranar da na zo Laraba ce, huɗu ga wata, hijabina ruwan toka, na sha furarta na bar saura a ƙwarya ban ce an gode ba. Ta ce akuya, tabarma, gishiri.

"Na yafe miki, 'yar nan, duniya da lahira. Amma ban manta ba. In kin koma ki rubuta wannan, ki ba ni makina."

Na ba ta, ga shi nan kuna karantawa, sai dai maki ba ya tsiro a fadama. Abin da na koya, da gonar wata aka biya mini kuɗin makarantar: ba duk shiru ne mantuwa ba, kuma idan takarda ta sa ki tambayar abin da uwarki ba za ta tambaya ba, takardar za ki fara gwadawa. In kuma ana darasi, a bar wa maza tsokarsu.